Ranar da Doki Ya Ƙi Tafiya

Da na gaya wa Yaya a waya cewa na biya kuɗi an shiga da ni daji a kan doki, shiru ya yi har na ɗauka layi ne ya yanke. Can ya ce, "Wato kai da hannunka ka ciro kuɗi ka bayar, aka shiga da kai?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "Allah ya kyauta. Mu nan biya ake yi a fito da mutum."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Direba ne, ya daɗe yana bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari kafin ya haƙura da ita, don haka kalmar daji ba ta da wani daɗi a kunnensa. Ko kafin wannan masifa ta garkuwa da mutane ma, a wurin Bahaushe daji wuri ne da dole ke kai mutum. Maharbi ya shiga neman nama, makiyayi ya bi shanu, mai itace ya saro ya fito tun rana na sama. Wanda ya shiga ba gaira ba dalili kuwa, sai a ce a duba shi, ko iska ce ta taɓa shi. Hutu a gari yake, a inuwar ƙofar gida inda yaro zai kawo maka ruwa. To ga ƙaninsa da aka tura karatu Amurka yana ba shi labarin ya kashe kuɗin cefanen mako biyu don ya zauna a bayan doki a inda babu kowa. Kafin mu yi sallama ya jefo tambayar da ta hana ni sakat: "Malam, wannan a addini me ake ce masa? Ibada ce, ko ƙoshi?" In Yaya ya kira ni malam, to zolaya ce mai ƙaya a ciki.

Sunan dajin Yellowstone. Mafi yawansa a jihar Wyoming yake, gefunansa sun ɗan leƙa Montana da Idaho, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 9,000, wato Yankari huɗu a haɗe. Ranar 1 ga Maris 1872 Shugaba Ulysses Grant ya sa hannu a dokar da ta keɓe shi, ba a kafa gari a ciki, ba a mallaka, ba a sayarwa. Lokacin a Bozeman nake zaune, tafiyar awa ɗaya da rabi daga ƙofar arewa da ke garin Gardiner.

Ni ba baƙon doki ba ne, ko kuwa haka nake ɗaukar kaina. Kakanmu yana da ingarma a turke, na tashi da ƙanshin harawa da dusa da kanwa a hancina. Sai dai dokin da na sani dokin taro ne. A wanke shi, a shimfiɗa jalala, a ɗaura sirdi mai ado, a sa masa linzamin nan mai zobe wanda ko yaro ya ja sai ingarma ya tsaya cak, sannan a fita hawan Daushe cikin algaita da ƙarar bindiga, jama'a na ɗaga hannu. Ko kilisar yamma ma, rabin daɗinta a ce an gan ka ne. Abin da aka kawo mini ranar nan a bakin hanyar Slough Creek kuwa wani akawal ne fiɗiyayye mai faɗin baya, ba ado ko na sisin kwabo, kansa a ƙasa kamar mai jin barci. Da kakanmu zai gan shi, cewa zai yi a kai shi ɗaukar kaya.

Jagorarmu wata dattijuwa ce mai malafa, rana ta gama da fuskarta. Kafin mu tashi ta zayyana mana dokokin wurin. Ba a kwana da dawaki a cikin dajin kafin 1 ga Yuli, saboda ƙasa ba ta tsane ba, ciyawa kuma ba ta yi ƙarfin da za a kiwata ba. Ba a shigo da busasshiyar ciyawa daga waje, don kada irin baƙon haki ya biyo ta. Kowane doki da takardar gwajin jininsa. In an tashi daga zango, kashin dawakin ma sai an warwatsa shi. Na ce a raina, wannan daji ya fi wasu unguwanni doka.

Na sa ƙafa a likkafa na karanta addu'ar hawa, wadda kowane ɗan Islamiyya ya haddace daga Suratuz Zukhrufi. Abin da ke cikinta shi ne tsarkake wanda ya hore wa mutum abin hawan, da amsa cewa ƙarfin mutum shi kaɗai bai kai ba, da tuna makoma. Na karanta ta ba adadi, a acaɓa, a bas, a jirgin sama. Baki ne ke yi, zuciya tana can wurin canji ko jakar da ke bayan mota.

Hanyar tsohuwar hanyar keken doki ce. Ta fara da hawa cikin dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, sannan ta gangara wata fadama shimfiɗaɗɗiya da ruwa ke lanƙwasa a cikinta, garau, har kana hango kifi yana tsaye a kan yashi. Ba mu yi nisa ba dattijuwar ta waiwayo ta ce in sassauta linzami. Na ce a gida haka muke riƙewa. Ta ce, "A gida kai ka san hanya. Nan shi ya sani." Na sassauta, amma ba da son raina ba.

Mun wuce fadamar farko muna dosar ta biyu, ta koma baya tana gyara wa wani majayin sirdinsa, sai na zama ni ne a gaba. Nan akawal ya ja ya tsaya. Wannan dokin mai barci ya ɗaga kai, kunnuwansa biyu suka miƙe suka nufi wani kurmi da ke hagu, hancinsa na busa iska, fatar wuyansa na ɓari a ƙarƙashin tafin hannuna. Na dunguri cikinsa da diddige. Ko gezau. Na ƙara, wannan karon da haushi, don mutum huɗu na bayana suna kallo, kuma ni ne na cika baki tun a mota cewa jikan mahayi ne. Da akwai kaimi a ƙafata, wallahi da na sa masa. Dattijuwar ta matso a hankali, ba ta ko kalle ni ba, kunnen dokin take kallo. Ta ce, "Ƙyale shi. Magana yake yi maka."

Muka tsaya. Minti biyar, minti goma, ba abin da ke motsi sai ƙudajen da ke damun dawakin. Har na fara jin kunya a madadinta. Sai ciyawa ta rabu a can gaba, tazarar da ba ta wuce filin ƙwallo ɗaya da rabi ba, wata uwar beyar ta fito, irin mai tozon nan da suke kira girizili, 'ya'yanta biyu na tuntuɓe a bayanta. Ta tsallaka hanyar daidai inda nake tilasta wa dokin ya kai ni, ta ɗaga hanci ta shaƙi iska sau ɗaya, ta shige cikin duhuwar bakin rafi. Dokar dajin ta ce kada mutum ya kusanci beyar fiye da mita 91. Ni ban san da ita a wurin ba balle in auna. Bayan ta ɓace da kamar minti uku, akawal ya sauke kansa, ya koma mai barcinsa, ya ci gaba da tafiya ba tare da na ce masa komai ba.

Sauran hanyar addu'ar nan ce ke yawo a kaina. Dabba mai nauyin rabin tan, wadda ke jin ƙanshin abin da idona bai gani ba, wadda da ta ga dama tsalle ɗaya za ta yi in tsinci kaina a ƙasa, ta ɗauke ni awa biyu tana bin ɗan motsin yatsuna. Na ɗauka gwanintata ce. Ashe lamuni take yi mini, kuma da aka zo inda lamunin zai cuce mu duka biyu, ta janye shi.

Kalmar da malamanmu suka zaɓa wajen fassara ayar ta dace da ita ƙwarai. Muna cewa Allah ya hore wa wane, muna nufin ya ba shi dukiya, har mun manta 'yar'uwar horo ce. Abin da aka hore maka, wani ne ya lanƙwasa shi ya miƙa maka akalarsa. Kai riƙo ne naka. Inda muke tuntuɓe shi ne mu ji an ce an hore mana ƙasa da abin da ke kanta, sai mu fassara shi da an sallama mana. Alƙur'anin da ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna a Suratun Nahli a matsayin abin hawa da abin ado, shi ne kuma a Suratul An'ami ya kira dabbobi da tsuntsaye al'ummu irinmu. Hadisai sun hana a mayar da bayan dabba kujerar hira, sun kuma umarci matafiyi ya bar raƙumarsa ta ci rabonta in ya ratsa ƙasa mai ciyawa. Wato ado halal ne, kilisa halal ce, Annabi (SAW) da kansa ya sa an yi tseren dawaki a Madina. Amma abin da kake more rayuwa a bayansa yana da nasa lissafin, yana kuma da ranar da zai ce a'a.

Amurkawa suna da wata doka ta 1964 da ta keɓe wasu dazuzzuka a matsayin wuraren da mutum baƙo ne, ya zo ya wuce. A cikinsu an hana mota, an hana injin yanke itace, har keke an hana, amma an bar doki. Cikin Yellowstone da ke nesa da titi, kodayake majalisarsu ba ta sa shi a ƙarƙashin wannan doka ba, kusan haka ake tafiyar da shi. Masu keke sun daɗe suna ƙorafi cewa kofaton doki ya fi tayarsu ɓata hanya, kuma duk wanda ya ga yadda ayarin dawaki ke dama laka ba zai ce sun yi ƙarya ba. Ni dai abin da na gani a bayan akawal daban ne da lissafin laka. Doki yana gajiya, yana jin ƙishi, yana jin tsoro. In ka shiga daji da shi, ka shiga da wani ɗan dajin da zai riƙa ja maka birki. Keke ba ya shaƙar iska ya tsaya.

Wannan tunani nawa bai gwadu ba sai da hunturu ya zo. Hunturun can ba irin namu ba ne na ƙura da fason ƙafa. Daga farkon Nuwamba ake rufe yawancin titunan dajin, dawaki su koma gonakin masu su, dusar ƙanƙara ta binne komai. A tsakiyar Disamba sai a sake buɗewa, amma ga abin hawan da ke tafiya a kan ƙanƙara kaɗai, har zuwa Maris. A watan Fabrairu na 1933 an taɓa auna digiri 54 ƙasa da sifili kusa da ƙofar yamma. Ranar da muka je da abokan karatuna, a ƙarshen Janairu, 25 ne ƙasa da sifili, kuma ya ishe ni. Numfashin farko da na ja a waje, gashin hancina ya daskare na ji kamar an cusa mini tsinken tsintsiya.

Babur ɗin ƙanƙara muka yi haya a garin West Yellowstone. Gabansa alluna biyu ne masu sulɓi, bayansa bel mai haƙora irin na katafila, totur ɗinsa a ƙarƙashin babban yatsa. Na hau na karanta addu'ar nan dai. Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba, abin da daɗi. Ka danna, ya tafi. Ka saki, ya tsaya. Fari fat ko'ina, kogin Madison na hayaƙi a gefenmu don ruwan zafin ƙarƙashin ƙasa ba ya barinsa ya daskare, itatuwa sun yi rawani da ƙanƙara. Kilomita 48 ne zuwa Old Faithful, maɓulɓular nan da ke feso tafasasshen ruwa sama kusan duk bayan awa ɗaya da rabi. Amma sashen addu'ar da ke cewa ƙarfina bai kai ba, a kan wannan babur ɗin ban ji shi ba ko kaɗan. Ƙarfina ya kai mana. Yatsa ɗaya ma ya isa.

Ana cikin haka jagoranmu ya ɗaga hannu, muka jera a gefe, ya yi alamar a kashe inji. Ɓaunaye ne a kan titi, irin na can masu tozo da gemu, guda goma sha wani abu. Titin da aka daddale ya fi musu sauƙin tafiya a kan ƙanƙarar da ke kai musu ciki. Suka taho a layi ɗaya, ba gaggawa, suka wuce mu kusa ƙwarai, har ina jin ƙarar ƙanƙara a ƙarƙashin kofatansu. Wani tsohon sa ya tsaya a gefen hanya yana aikin da yake yi tun Nuwamba: ya sunkuyar da wannan ƙaton kai, ya share ƙanƙara dama, ya share hagu, kamar mace na shara da tsintsiyar laushi, har ya tarar da 'yar busasshiyar ciyawar da ba ta fi cikin hannu ba. Gemunsa ya zama sandunan ƙanƙara, girarsa fara, numfashinsa na fita kamar hayaƙin murhu. Ta bayan tozon kana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Kitsen da ya tara da damina yake ci a hankali, kuma sauran wata uku kafin sabuwar ciyawa. Duk gudun da wani ya sa shi ya yi a banza, daga wannan ajiyar ake cira. A 1902 irinsa na daji da suka rage a nan ba su fi ashirin da 'yan kai ba. Yanzu sun koma dubbai.

Da aka kashe injinan nan goma ne na gane abin da muka zo da shi. Shirun da ya sauko yana da nauyi, har kunne na ƙara don rashin sabo. Wannan shirun yana nan tun safe, mu ne muka kore shi daga duk inda muka bi.

An yi shekaru ana rigima a kan wannan. Babura sun fara shiga a 1963, zuwa shekarun 1990 akwai ranakun da fiye da dubu ke shiga, har a 2002 aka raba wa ma'aikatan ƙofar yamma abin rufe hanci saboda hayaƙi. Gwamnatin Clinton ta yanke a 2000 cewa za a hana su, ta Bush ta warware, kotu a Washington ta ce kaza, wata a Wyoming ta ce akasinsa. Mutanen West Yellowstone kuma abincinsu na hunturu ke nan, kuma tsoho ko mara ƙarfin ƙafa ba zai taka kilomita 48 a ƙanƙara ba, wannan ma gaskiya ce. A 2013 aka tsaya a kan ayari 110 a rana, na babura kada ya wuce 50, kowane ayari kada ya haura babur goma, da jagora, da injin da aka rage wa hayaƙi da ƙara. Sulhu ne irin na kasuwa, kowa ya tafi yana ƙunƙuni.

Ni kuwa wani labari ne daga littattafan fiƙihu ya faɗo mini a bakin titin nan. Malamai, ciki har da Imamu Shafi'i, sun kawo cewa a zamanin jahiliyya in babban mutum ya sauka a ƙasa mai ciyawa, sai ya hau da karensa kan tudu ya sa shi haushi. Duk inda muryar karen ta kai, nan ne iyakar makiyayarsa, ba mai kiwo a ciki sai shi. Sunan wannan keɓewa hima. Musulunci ya ƙwace ta daga hannun masu ƙarfi ya mayar da ita ta amfanin jama'a, Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Ina zaune a kan babur ɗina, sai na ga ai ni ne mutumin nan mai kare. Ban kafa shinge ba, ban kori kowa da baki ba, amma duk inda ƙarar injina ta kai na mallake shi na wannan lokacin, na ƙwace shi daga ɓauna, daga mai tafiya a ƙasa, daga wanda ya zo sauraron shiru. A haramin Makka ba kashe abin farauta kaɗai aka hana ba, har firgita shi. Shari'ar da ta san firgita dabba laifi ne a wani wuri, ta san cewa natsuwa ma abu ce da ake iya sata.

Bayan mako biyu na koma ni kaɗai, ta hanyar talaka. Titin da ya tashi daga Gardiner ya ratsa kwarin Lamar zuwa Cooke City shi kaɗai ake sharewa duk shekara, kowace mota na iya bi. Na ari wasu faya-fayan ƙafa da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi don kada mutum ya nutse, na ajiye mota na taka. A nan ba doki, ba inji, cinyoyina ne ke ja mini birki, kuma ba su ɓata lokaci ba. Azahar ta same ni nesa da mota. Ruwan gorata ya zama dutse, rafi na ƙarƙashin ƙanƙara, ƙasa kuma tana can ƙasa da zurfin da ya kai ƙuguna. Sai na tuna zauren malaminmu, muna yara muna biya Ahalari, aka zo babin taimama, littafin ya lissafa ƙanƙara cikin abubuwan da ake iya bugawa. Muka yi ta dariya, wani ya tambaya ko ta mai sayar da ruwan sanyi ake nufi. Mawallafin mutumin Aljeriya ne, ya san abin da yake faɗa. Na cire safar hannu, na dafa tafukana a kan farin nan, na shafa fuska, na shafa hannuwa, na yi sauri na mayar da safa kafin yatsu su mutu. Na shimfiɗa rigar sama na yi salla. Ina cikin tahiya wani kuka ya taso daga tsallaken kwarin, dogo, siriri, wani ya amsa masa daga wani tudun. Kyarketai ne, jikokin waɗanda aka kawo daga Kanada aka saki a nan a 1995, bayan an shafe kusan shekara saba'in an ƙarar da su. Su ma da murya suke shata iyaka. Bambancin, su gidansu ne.

Da a nan na tsaya, da na ba Yaya amsa mai daɗi: ibada ce, tafiya ce a bayan ƙasa don duba aikin Mahalicci. Amma akwai ƙashi a cikin tuwon. Dajin nan da ake tallarsa a matsayin wurin da ɗan Adam bai taɓa ba, mutane sun yi aƙalla shekara 11,000 suna sassaƙar baƙin dutse mai ƙyalli a wani tsauninsa suna yin kan kibiya. Wani reshe na ƙabilar Shoshone da ake kira Tukudika a cikinsa suke zaune, da karnukansu, suna farautar tumakin dutse. Cikin shekarun da suka biyo bayan 1872 aka kwashe su zuwa sansanonin da gwamnati ta ware, aka kuma yaɗa cewa 'yan asalin ƙasar dama tsoron maɓulɓulan suke yi. Daga 1886 zuwa 1918 sojan doki ne ke gadin wurin. Shirun da na ji daɗinsa, an kori wasu kafin a same shi.

A nan ne maganar Sayyidina Umar ta fi ta kowa nauyi a wurina. Imamu Malik ya kawo ta a Muwaɗɗa. Da ya naɗa wani 'yantaccen bawansa mai suna Hunayyu gadin hima, ya gargaɗe shi ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tare garken Ibn Aufin da na Ibn Affan, don su in dabbobinsu sun mutu suna da dabino da gonaki, talaka kuwa ƙofar halifa zai zo da 'ya'yansa. Ya kuma amsa da bakinsa cewa ƙasar ta mutanen ce, suna ganin ya zalunce su, kuma ba don dabbobin da ake hawa saboda Allah ba, da ko taƙi ɗaya bai keɓe ba. Mai keɓe ƙasa ke nan da bai yi wa kansa ƙarya ba. Shingensa mai kuɗi yake tarewa. Na Yellowstone da hunturu kuwa, in ka cire titin Lamar, aljihu yake dubawa, kuma a ayarinmu na babura ban ga fuska ɗaya da ta yi kama da ta masu ƙasar ba. Ba na cewa a rushe shingen. Da babu shi, da ɓaunar nan ta bi sawun miliyoyin 'yan'uwanta da aka harbe a ƙarni na 19. Cewa nake wanda ya shiga ya san bashin wa ke kansa.

Duk wannan na tattara na kira Yaya wani daren Juma'a. Na ce masa tambayarsa ba ta da amsa ɗaya. Ƙoshi na ciki, don mai yunwa ba ya hayar doki. Ibada ma tana iya shiga, ga wanda ya yarda wani abu ya tsayar da shi, doki ne, sanyi ne, ko ɓaunar da ta tare hanya. Wanda kuwa ya je da niyyar komai ya kauce masa, ko ya karanta addu'ar hawa sau ɗari, shi da mai karen jahiliyya ɗaya suke. Na kawo Umar, na kawo Ahalari, na ji daɗin bakina sosai.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "To malam, na ji. Ka tuna kakanmu Baba Tsoho ba ya shiga gida in ya dawo kilisa sai ya kwance majayi da hannunsa, ya share gumin, ya ga doki ya sha ruwa. Ko ruwan alwala ba ya karɓa kafin nan. Shi wannan baƙin dokin da ya cece ka daga bakin dabba, da kuka dawo me ka yi masa?"

Na tuna. Na sauko ƙafafuna na rawa, na miƙa wa dattijuwar linzami, na ɗauki hoto, na shige mota don akwai sauran tafiya. Ko wuyansa ban shafa ba. Na faɗa wa Yaya haka.

Ya ce, "To, haya ka yi, ba hawa ba."